Yadda muka koma sakin motoci ɗaya bayan ɗaya a Mile 12

Filin da kawuna ke da hannu a ciki yana gefen kasuwar Mile 12. Nan ake sauke albasa da tumatir da tattasai daga manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa, a loda su a ƙananan motocin da za su rarraba kayan cikin Legas. Ƙofar fita ɗaya ce, tana buɗewa kan wani gajeren titi da ke zuwa ya haɗe da titin Ikorodu. Tun asuba kowa ke lodi, kuma kusan tare ake gamawa. Gari na wayewa sai motoci su kwararo a jere, akori-kura da bas-bas ɗin da aka cire wa kujeru, kowa na son ya riga ɗan'uwansa isa Ketu. Kafin ka ce kwabo bakin titi ya toshe. Na babban titi sun tsaya, namu sun tsaya, wanda ke can cikin fili ko juyawa ba ya iya yi.

Karatun injiniyan hanyoyi na yi kafin kawu ya kira ni in riƙe masa lissafi, don haka abin bai zo mini baƙo ba. An daɗe da sanin cewa titi ya fi kwashe motoci lokacin da bai cika maƙil ba, sai dai wanda ke riƙe da sitiyari da wuya ya yarda. Layi ɗaya na babban titi, in ana tafiya sumul kuma kowace mota ta bar tazarar daƙiƙa 2 tsakaninta da ta gaba, zai wuce da mota 1,800 a awa, wato daƙiƙa 3,600 a raba biyu. Da an cusa ƙari a kan haka, wani zai taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na ukun ya tsaya cak. Daga nan motocin da ke ficewa ta gaban goslon ba sa kai adadin da titin ke ɗauka kafin ya toshe, domin kowane direba sai ya ga na gabansa ya motsa, ya sa giya, sannan ya tashi. Kamar fitowa daga masallacin Juma'a ne. In aka yi turereniya a bakin ƙofa, masu fita cikin minti guda ba sa kai na lokacin da aka bi a hankali, alhali ƙofar ba ta rage faɗi ba.

Wasu masana a Japan sun nuna haka ƙuru-ƙuru a wani gwaji da aka wallafa a 2008. Motoci 22 suka jera a zagayen titi mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Babu rami, babu mahaɗa, babu mai sauke fasinja, amma ba a jima ba cunkoso ya haɗu da kansa, yana kuma ja da baya daga mota zuwa mota. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a tsakiyar gadar Third Mainland, ya lallaɓa gaba yana neman hatsarin da ya tsare shi bai ga komai ba, irin wannan ne ya same shi.

A Amurka maganin da suka yi wa mashigar manyan titunansu shi ne danja mai ja da kore kawai, kowane kore mota ɗaya. A Chicago aka fara a 1963, kuma da farko ɗan sanda ne ke tsayawa yana sakin motocin da hannu. Wannan ne ya ƙarfafa mini gwiwa, tunda hannu dai muna da shi.

Na ce, "Kawu, a bar mini ƙofar nan da safe mu gwada wani abu."

Ya ce, "Ɗana, mutumin da ya ɗauko tumatir za ka ce wa ya jira? To, ga ka ga su."

Muka sanar da jami'an da ke ba da hannu a wurin cewa titin gwamnati ba za mu taɓa shi ba, ƙofarmu kaɗai za mu tsare. Wani yaron fili ya tsaya a ƙofa da jan ƙyalle, ni kuma na tsaya a mahaɗa inda nake hango motocin da ke tahowa daga wajen Ikorodu. In na ɗaga hannu ya saki mota ɗaya. Ba ya sakin ta biyu sai ta farkon ta shige cikin sahu.

Abin da na fara gani da idona shi ne ba yawan motocinmu ke toshe titin ba, fitowarsu a dunƙule ce. Mota ɗaya in ta leƙo, na babban titi ɗan sassauta totur kawai yake yi ta shige. Takwas in suka taho manne da juna, dole wani ya tsaya musu, kuma tsayawar nan ce ke haifar da komai. Na kuma lura cewa akori-kurar da aka danƙara wa buhunan albasa har bayanta ya zauna tana bukatar tazara kusan ninki biyu na ƙaramar bas, don kafin ta ɗauki gudu aiki ne. Irinta sai in jira in ga sarari sosai. Sannan lokacin farawa ya fi komai muhimmanci. In muka kama ƙofa tun titi na tafiya, yakan daɗe yana tafiya. In muka makara har ya toshe, sai dai mu jira ya warware da kansa.

Wahalar ba a lissafi take ba, a wurin mutanen da ka tsayar take. Direban da ke cikin fili yana hango titi na tafiya, kai kuma ka hana shi fita, a ganinsa zalunci ne, don ba ya ganin goslon da bai faru ba. Wani Alhaji mai motoci da yawa ya same ni ya ce, "Malam, ka fa san ni a kasuwar nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, na sani. Amma in na saki naka a tare yau, gobe babu wanda zai tsaya wa ƙyallen nan, kuma naka ne za su fi daɗewa a ciki." Bai ji daɗi ba, amma ya koma layi. Daga nan muka yanka kwali muka rubuta lambobi, wanda ya gama lodi ya karɓi tasa. Masu tumatir suka ce kayansu ba ya jure rana kamar albasa, kuma gaskiya suka faɗa. Maimakon a tsallake da su a ƙofa, abin da zai jawo rigima kullum, sai aka yarda su ake fara yi wa lodi, lambobin farko su faɗo hannunsu.

Irin wannan ƙorafi ba namu kaɗai ba ne. A jihar Minnesota ta Amurka mutane sun yi ta kuka da jiran danjojin mashiga har aka kashe su na wasu makonni a 2000 don a gwada. Lokacin tafiya a manyan titunan ya ƙaru da kashi 22 cikin 100, hatsari ya ƙaru da kashi 26. Aka mayar da su, amma aka rage tsawon jiran. Ni ma haka na gani a ƙofarmu: in jira ya wuce 'yan mintoci, haƙuri yakan ƙare, gara ka ɗan ƙara saurin sakin da tsarin ya watse gaba ɗaya.

Akwai ranakun da dabarar ba ta da amfani. In tirela ta mutu a Ojota, ko ruwan sama ya cika titi, goslon daga gaba yake tahowa ya same mu. A irin wannan rana nakan ce kowa ya kashe inji ya zauna a fili, ya fi a ƙona mai a kan titi. Kusan tunanin da ke bayan tsarin Eto ke nan, wanda aka kawo a Apapa a 2021, inda babbar mota ke jira a garejin ajiya sai an kira ta zuwa tashar jiragen ruwa. Mu ma abin ya yiwu ne saboda muna da filin da layi zai tsaya. Ina ganin mashigar Adekunle ta gadar Third Mainland za ta amfana da irin danjar nan, amma sai an fara tanadar inda masu jira za su tsaya, in ba haka ba cunkoson zai koma cikin Ebute Metta ne kawai.

Abin da ya rage mana yanzu danfo ne, wato ƙananan bas-bas ɗin haya na Legas. Daidai bakin mahaɗar suke tsayawa ɗaukar fasinja, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Ojota, su cinye sararin da motarmu za ta shiga. Mun zauna da shugabanninsu tare da dattawan filin, muna roƙon su matsa gaba kamar tsawon mota biyar daga kwanar, ko da na safiya ne kawai. Sun ce za su duba, mun sa ranar sake zama bayan Juma'a.