Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sikelin da na tura ƙarƙashin gado

A makon jiya na tsaya ne a inda na sauke kilo bakwai cikin wata takwas, daga 104 zuwa 97. Likitan da ke duba mu a sashen masu fama da ƙiba ya taɓa ce mana ko kashi 5 cikin 100 na nauyinsa mutum ya rage, hawan jini da sukari sukan sassauta. Ni har na wuce haka, ina ta murna.

Sai ga Maris ɗin 2020. Ranar 11 ga watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ba a jima ba aka dakatar da zuwanmu asibiti. Sai a lokacin na gane ashe awon da ake mana duk wata shi ke riƙe da ni. Kunyar hawa sikeli a gaban nas ta fi duk wata nasiha aiki a kaina.

Barci ne ya fara gudu. Nakan kai ƙarfe biyu na dare riƙe da waya ina karanta adadin waɗanda suka rasu, ga shi ana ta faɗin cewa cutar ta fi jigata masu ƙiba. Abin mamaki, tsoron nan bai hana ni ci ba, kicin yake tura ni. Ba yunwa nake ji ba, bakina ne kawai ba ya son zama haka nan. Tafiyar minti talatin da nake yi kullum kuwa ta koma daga ɗaki zuwa falo. Da na ga allurar sikelin ta fara hawa, sai na tura shi ƙarƙashin gado, kamar shi ne mai laifin.

Wata ƙawata da muka fara zuwa sashen tare, ita raguwa ta yi. Gidan da take aiki ya rufe, ta daina ciye-ciyen hanya, tana girki da kanta, tana awo duk mako. Na ji haushinta, ba zan ɓoye muku ba.

A wata na biyar likita ya kira ni a waya. Na shirya jin faɗa, sai ya ce, "Hajiya, awa nawa kike barci?" Na ce huɗu, wani lokaci biyar. Ya ce ƙarancin barci yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa a jiki, ya rage wanda ke sanar da mutum ya ƙoshi, damuwa kuma tana sa rai ya riƙa kwaɗayin zaƙi da maiƙo.

"Yanzu ki hau sikeli ki faɗa mini, ina jira."

Na durƙusa na jawo shi, duk ya yi ƙura. Abin da ya nuna mini, da yadda maigida ya same ni zaune a ƙasa da waya a kunne, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.