Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Do Ɗina da Do Ɗinsu

Makon jiya na tsaya a inda na dawo daga Sabon Garin Kano cikin motar Ringim, akwatin saksofon a kan cinyata, ina rungume shi duk sanda muka faɗa rami. Na hannu ne, wani mai kiɗan coci ya daɗe yana amfani da shi, har wurin da babban yatsa ke zama ya koɗe. Kuɗin riɗin da na noma a shekarar ne suka tafi a kansa. Yau kuma labarin watan Satumba na 2024 zan ba ku, watan da na fara zama cikin 'yan badujalar garinmu da abin busa a hannuna.

Mu goma sha ɗaya ne har da shugabanmu. Masu ƙananan ganguna uku, mai babbar ganga ɗaya, masu begila biyu, masu tarampet biyu, da yaron da ke gwara fayafayan ƙarfe, sai ni. Akwai tela a cikinmu, akwai mai faci, akwai ɗaliban sakandare. Muna haɗuwa bayan la'asar a aji shida na firamaren da nake koyarwa, mu ture bencina gefe, mu tashi kafin kiran magariba. Shugaban namu tsohon ɗan sanda ne da ya yi rayuwarsa a sashen badujala, kowa Baba Saje yake ce masa.

Abin da ke gabanmu shi ne faretin 'yan makaranta na 1 ga Oktoba a hedikwatar ƙaramar hukuma. Shekarar kuma ta zo da nata aikin, domin a ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Duk cikinmu babu wanda ya taɓa busa shi sai Baba Saje. Ranar da ya fara rera mana shi da baki, sanda a hannu yana buga ƙasa, sai da ya dakata a tsakiya ya juya mana baya na ɗan lokaci. Babu wanda ya ce uffan. Da wannan taken ya fara aiki yana saurayi, bai taɓa zaton zai sake koyar da shi ba.

Ya rubuta wa masu tarampet nasu a allo da alli. Ni kuwa da zumuɗi na kwafe shi tsaf a littafina, na tafi gida na kwana uku ina bita a bayan rumbu har yatsuna suka haddace. Ranar Laraba na zo da ƙarfin gwiwa. Baba Saje ya ɗaga sanda, muka shiga tare.

Ban kai ƙarshen layin farko ba na ji abin ba daidai yake ba. Kowane yatsa na sa shi inda ya kamata, amma muryata tana can wani wuri daban, tana tafiya gefe da ta sauran kamar mutum biyu da ke bin hanya ɗaya amma kwalbati ya raba su. Yaran da suka cika taga suka fashe da dariya. Na ƙara ƙarfi, abin ya ƙara muni. Baba Saje ya sauke sanda.

"Malam, me ka busa?"

"Abin da ke allo, Baba."

Ya karɓi littafin ya duba, ya gyaɗa kai. "Ba ka yi kuskure ba, ni ne ban gaya maka ba. Do ɗinka ba do ɗinsu ba ne."

Sai ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayanin da har yau nake gode masa. Ashe kayan busa ba a kan murya ɗaya aka ƙera su ba. Irin saksofon ɗina, wanda ake kira alto, an gina shi a kan muryar da suke kira E-fulat, tarampet kuwa a kan B-fulat. Idan ni da mai tarampet muka kalli rubutu ɗaya muka busa, sauti biyu ne za su fito. In ina son mu haɗu, inda ya ga do, matakin farko a jerin sautukan do, re, mi, fa, so, sai ni in kama so ɗina, wato in hau zuwa mataki na biyar, kuma duk waƙar in bi ta da wannan tazarar. Ya goge gefen allo ya rubuta mini nawa daban. Kwana ukun da na yi a bayan rumbu sun tafi ke nan. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a ƙauye irin namu wanda zai haska maka fitila a wannan fanni mutum ɗaya ne tak, in ya faɗi ya mutu ilimin ya bi shi. Wannan tunanin ya fi dariyar yaran damuna.

A bakinsa na ji cewa wani ɗan Beljiyam, Adolf Saks, shi ya ƙirƙiro abin, ya yi masa rajista a Faransa a 1846, kuma tun farko badujalar sojoji na cikin waɗanda suka fara karɓarsa. Ya ce ko da yake jikinsa ƙarfe ne, ba dangin tarampet ba ne, domin sautinsa daga wani ɗan fallen gora yake fitowa, wanda ake ɗaurawa a bakinsa. Mu harshe muke ce masa. "Ɗan'uwan algaita ne," in ji shi, "sai dai ita harshenta biyu, naka ɗaya."

Mako na biyu wata matsalar ta ɓullo. Saksofon yana da ramuka fiye da ashirin, kowanne da murfinsa, kowane murfi da 'yar fata mai laushi a ƙarƙashi. Ɗaya daga ciki, wanda ƙaramin yatsan hagu ke buɗewa, ya fara maƙalewa. In danna, ya ƙi tashi, sai can ya ɓalle da 'yar ƙara bayan an wuce wurin. Damina ba ta gama ɗaukewa ba, ko'ina da danshi, na ɗora laifin a kanta. Baba Saje ya shinshina bakin abin ya tambaye ni me nake sha kafin in zo. Na ce zoɓo, uwargida takan ajiye mini mai sanyi in na dawo daga makaranta. Ya ce to shi ne. Sukarin yana bin numfashi ya sauka a kan fatun ya zama danƙo. Ya zaro sabuwar takardar naira ɗari, ya zura ƙarƙashin murfin, ya danne, ya ja a hankali sau uku. Murfin ya saki. Tun daga ranar ba na kai abin baki sai na kurkure da ruwa, zoɓon kuma ya koma bayan isha'i.

Na zanzaro kuwa laifina ne. Na bar akwatin a buɗe a ɗaki don ya sha iska, muka tafi biki Gumel kwana huɗu. Da na dawo atisaye na hura, iska ta ƙi wucewa yadda ta saba, sautin ya fito a shaƙe. Mai faci ne ya cire wuyan ya ɗaga wa rana, sai ga ginin laka a ciki. Da tsinken tsintsiya da tsumma muka fitar da shi. A wannan ranar dai wata 'yar waya da ke mayar da murfi ta karye, muka ɗaure wurin da robar ɗaure kuɗi, kuma har yau ita ce a jiki.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne numfashi. Layin ƙarshe na taken yana da ja, ni kuma kafin in kai sai ƙirjina ya ƙare. Baba Saje ya tura ni wurin wani dattijo a unguwar gabas da ke busa algaita a hawan sallah. Na je da goro, na durƙusa na gaishe shi. Ya juya saksofon ɗin a hannu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, wannan ai maɓallai sun yi masa yawa." Sannan ya sa aka kawo ruwa a kofi da karan dawa mai rami, ya ce in hura kumfa, kada ta tsaya, in riƙa tara iska a kumatu ina shaƙar wata ta hanci. Na ƙware har ruwa ya fito mini ta hanci, bai yi dariya ba. Ya ce shi ma shekara ya yi a kan kofin nan a gaban mahaifinsa. Ban iya ba har yanzu, amma a wurinsa na koyi tura iska daga ciki maimakon daga maƙogwaro, layin ƙarshen kuma ya fara kai mini.

Zuwana gidan dattijon ne ya kai maganar kunnen Baffana. Ya aiko a kira ni. Ya ce gidanmu ba gidan maroƙa ba ne, malamin makaranta da gemunsa ba ya yawo da abin busa. Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, ba roƙo nake yi ba, yaran da nake koyarwa ne za su yi maci, ina so su taka da kiɗan garinsu." Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce in bari ba. Ya ce in tashi in tafi. Maganar ta zauna mini a rai kwanaki, domin mutum ne da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina.

Harsuna uku na taho da su daga Kano. Ɗaya ya tsage a makon farko da na goga shi a rigata, na biyu ƙaramin ɗana ya tauna. Ranar Asabar 28 ga wata muka yi atisayen ƙarshe a filin ƙwallo, muna tafiya muna busa. A karo na farko muka kai ƙarshen taken tare, babu wanda ya riga wani. Baba Saje ya ce a sake sau ɗaya. Muna juyawa a kwanar fili na yi tuntuɓe da turken akuya, bakin abin ya daki haƙorina. Da na duba, harshe na uku ya rabe biyu tun daga tsini.

Saura kwana uku fareti, washegari Lahadi ce, yawancin shagunan Sabon Gari a rufe, ranar Litinin kuma ina da aji. Yadda na yi da hedimasta, da wanda na tarar a tashar mota da asuba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.