Ranar da tsohon injin Kawu ya sake tashi

Asabar, farkon damina.

Tun daren Laraba da hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, babban dogon yaron da ke bakin gonarmu ta hanyar Giwa yake kwance, saiwoyinsa a sama, rassansa sun tare turbar da amalanken shanu ke bi zuwa fadama. Jiya mai unguwa ya aiko a gaya mana cewa mutane sun fara kukan rashin hanya. Saboda haka yau da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, na shiga ɗakin ajiya na jawo tsohon injin yankan itace na Kawu, wanda ya shekara biyu a bayan buhunan taki babu wanda ya taɓa shi. Muna kuma da bukatar itacen, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya yi tsada, gas ɗin girki ma ya fi ƙarfin yau da kullum, gidanmu ya koma murhu.

Injin ƙirar Stihl ne, samfurin 070, wanda kamfanin ya fara fitarwa a Jamus a 1968, kuma duk wanda ya taɓa zama da masu yankan katako a ƙasar nan ya san ƙararsa. Girman silindarsa si-si 106 ne, wato ya ɗara na wasu baburan da ake haya da su, nauyinsa kuma ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa. Kawu ya saye shi na hannu tun ina firamare. Fentinsa ya goge, an taɓa yi wa marikinsa walda, amma da na ja igiyar a hankali sai na ji tana turjewa sosai, alamar fistan da zobbansa suna riƙe iska yadda ya kamata. Daga nan hankalina ya kwanta, domin injin da yake da wannan ƙarfin matsi bai mutu ba, ko da ya ƙi tashi.

Na shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, na jera sifana da sukundireba da ɗan kwano na zuba ƙananan kusoshi. Da na buɗe tankin mai sai wani wari kamar na tsohon fenti ya buge ni: fetur ɗin da aka bari a ciki ya ƙafe, ya bar danƙo ja a ƙasan tankin da kan matacin mai. Na wanke tankin sau uku da sabon fetur, na canja matacin. Na kwance filogi na tarar da bakinsa ya yi baƙi ƙirin, na goge shi, na daidaita tazararsa zuwa rabin milimita, na jingina shi da jikin inji na ja igiya, sai ga wuta shuɗiya tana tsalle. Da wuta da matsi duk suna nan, saura mai, kuma tun jiya na yi zargin kafireta, shi ya sa da na shiga Zariya na biya kasuwar Sabon Gari na sayo kayan gyaranta.

A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke yanke wa tsofaffin injina hukuncin mutuwa alhali da sauran ransu. Kafiretar injin yanka ba irin ta babur ba ce, ba ta da kofin da mai ke taruwa a ciki, domin dole inji ya yi aiki a tsaye ko a kwance ko a kife. Abin da take da shi shi ne wasu siraran fatu guda biyu masu laushi kamar ganye. Ɗaya tana bugawa da numfashin fistan tana jawo mai daga tanki, ɗayar kuma tana ɗaga wata 'yar allura tana auna yawan man da zai shiga. Da na kwance murfin, fatar aunawa ta bushe ta yi tauri, da na lanƙwasa ta da yatsa sai ta yi ƙara kamar busasshen ganyen dawa. Na sa sababbi, ina lura da wadda ke sama da wadda ke ƙasa tsakanin fata da gasket, domin kuskuren jerin nan kaɗai ya isa ya hana inji tashi. Na hura ƙananan ramukan da famfon keke, na mayar da kusoshin daidaita mai guda biyu, na ɗaure su a hankali har suka zauna, sannan na sassauta kowanne kimanin zagaye ɗaya.

Ina cikin haɗa mai Kawu ya fito da sandarsa ya zauna a kan turmi. Ya ga ina auna man haɗi da kwalbar magani mai lamba, sai ya ce, "Ɗana, mu a zamaninmu da ido muke zubawa." Na ce, "Gaskiya ne, Kawu, amma idonka ya shekara talatin yana aunawa, nawa kuwa bai kai can ba." Ya yi murmushi ya ce in ci gaba. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba man inji daban, abin da aka gauraya a cikin fetur shi kaɗai ne ke shafe fistan da borisai. Idan man haɗin mai kyau ne na asali, mililita 100 ya ishi lita 5 na fetur, idan kuwa na gama-gari ne sai a ninka shi zuwa 200. Wanda na samu na gama-gari ne, don haka na ninka. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke zubawa a tankin sarƙa don rangwame. Cike yake da garin ƙarfe, yana cinye sarƙa da famfon mai, kuma mai yanka ne ke shaƙar feshinsa wuni guda.

Na ja cok, na danna maɓallin rage matsi, na taka mariki da ƙafa. A ja na huɗu ya yi tari, na mayar da cok, a ja na shida ya kama da wata irin ƙara mai kauri da ta kori kajin gida zuwa bayan rumbu. Kawu bai ce komai ba, sai da ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce in ƙara masa mai kaɗan a kusar babban gudu, domin ƙararsa ta yi siriri. Na sassauta ta kaɗan, muryar ta sauko. Injin da aka ƙuntata wa mai yana gudu kamar abin kirki, amma zafi ne ke cin fistansa.

Wasa sarƙa ya ci mini kusan rabin awa. Na yi amfani da zagayayyen magagari mai kaurin milimita 5.5, ina karkata shi kimanin digiri 30, ina tura shi daga ciki zuwa waje sau huɗu a kowane haƙori don kada wani ya fi wani tsawo. Idan haƙoran gefe ɗaya suka fi na ɗaya gefen, yanka zai riƙa karkacewa komai ƙarfin hannun mutum.

Da hantsi ni da ƙanena muka isa gona. Kafin in tayar da inji na zagaya bishiyar sau biyu, ina duba inda ta dogara da ƙasa da inda take rataye, domin bishiyar da iska ta kayar a ɗaure take kamar baka, kuma reshen da ya danne zai iya zabura ya karya ƙafar mutum. Na sa ƙanena ya kori yaran da suka taru zuwa can nesa, na kuma hana kowa tsayawa a ramin saiwa, saboda idan aka raba gangar jiki da gindi, kututturen yakan koma raminsa da nauyinsa duka. Na fara da ƙananan rassa daga sama, ina gangarowa. A manyan wurare nakan fara ɗan tsaga ta gefen da itacen ke matsewa, sannan in ƙarasa ta ɗaya gefen, don kada ya cije ƙarfen. Ban bar kan ƙarfen ya taɓa komai ba, domin nan ne inji ke harbowa sama zuwa fuskar mai riƙe da shi, wannan tsohon samfurin kuma ba shi da birkin sarƙa irin na injinan yanzu.

Da farko ɓarzar itacen tana fita manya-manya kamar ɓawon gyaɗa, ɗacin dogon yaro ya cika iska har a harshe ana jin sa. Da na kusa gindi sai ta koma gari, na san yashin da ruwa ya fantsama a ɓawo ya dakushe haƙoran. Na tsaya na ɓare ɓawon da gatari, na sake wasawa a inuwa. Da azahar hanya ta buɗe, amalanken farko ya wuce, mai shi yana ta yi mana sannu da aiki.

Muna hutawa wani maƙwabcin gona ya zo ya ce tunda inji ya tashi, in taimaka in kayar masa da gawon da ke tsakiyar gonarsa. Na ba shi haƙuri na ce ba zan iya ba. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Abin da ya shekara arba'in yana girma injin nan zai kwantar da shi kafin shayi ya huce, kuma ban gyara shi don wannan ba. Na yi masa alkawarin itace amalanke ɗaya daga namu, ya karɓa, ko da yake fuskarsa ba ta saki sosai ba.

Bayan la'asar muka kwaso gungumen a sahu uku. Ƙanena ya fara faskare tun itacen yana ɗanye, muka jera shi a kan duwatsu ƙarƙashin rumfar kwano saboda gara da ruwa, da tazara tsakanin layuka don iska ta ratsa. Inna ta leƙo ta ce kada wanda ya kawo mata shi madafa kafin kaka, ɗanyen itace hayaƙi kawai zai cika mata ido da shi.

Kafin magariba na juye sauran man tanki a galan, na tayar da injin na bar shi ya shanye abin da ya rage a kafireta har ya mutu da kansa. Na goge matacin iska, na sassauta sarƙa, na kife dogon ƙarfen don gefensa ɗaya kada ya riga ɗaya cinyewa. Na lura haƙoran giyar da ke jan sarƙa sun yi rami, zan nemo sabuwa ranar Litinin. Hannuwana har yanzu suna rawa daga girgizar inji. Kawu ya ce kada in mayar da shi bayan buhunan taki, in rataye shi a zaure inda zai riƙa ganin sa.