Tangaɗin dukushina: ciwon yana wuya, ba a ƙafa ba

Dukushina yana da wata goma a duniya lokacin da na fara lura da cewa tafiyarsa ta sauya. Da farko ƙara ce nake ji, ta kofatonsa na baya yana kartar ƙasa idan yaron barga ya jawo shi da safe, daga baya kuma na duba na tarar gaban kofatan biyu ya suɗe kamar an goge shi da zarto. Duk wanda ya zo ganinsa sai ya ce targaɗe ne, har muka shafe mako uku muna gasa masa ƙafa da ruwan zafi, alhali babu kumburi, babu zafi, kuma ko an matsa gaɓar ba ya janyewa.

Likitan dabbobin da na kira bai fara da taɓa ƙafar ba. Ya sa aka juya dukushin a ƙaramin da'ira, sai ga shi yana kafe ƙafa ɗaya a ƙasa yana juyawa a kanta, ɗayar kuma yana wurga ta can waje kafin ya ajiye. Ya sa aka tura shi da baya, aka hau da shi ɗan tudu an ɗaga masa kai, sannan ya kama wutsiyarsa ya ja gefe yana cikin tafiya. Lafiyayyen doki yakan turje, amma nawa ya biyo hannun likita kamar zai faɗi. A nan ya juyo ya ce mini: "Alhaji, wannan ba ɗingishi ba ne. Dokin nan bai san inda ƙafafunsa suke ba, kuma ina zargin wuyansa."

Bayanin da ya yi mini shi ne, doki yana da gaɓoɓin ƙashi bakwai a wuya, kuma ta cikin ramin da ke tsakiyarsu laka take bi, tana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafafu. Idan ramin ya ƙuntata, ko gaɓa ɗaya ta goce a kan 'yar'uwarta yayin da dokin ya sunkuyar da kai, sai ƙashin ya danne lakar, saƙon ya riƙa isa a makare ko a gurɓace. Turawa suna kiran irin wannan doki wobla, wato mai tangaɗi. An fi ganin ciwon a dawakai masu saurin girma da dogon wuya, daga wata shida zuwa shekara uku, ya fi kama maza, kuma yakan fi bayyana a ƙafafun baya. Likitoci suna auna tsananinsa daga mataki na 0 zuwa na 5, inda na biyar yake nufin dokin ya kwanta ba ya iya tashi. Nawa yana mataki na 3.

Bai yanke hukunci nan take ba, domin akwai cututtukan da suke kama da wannan, irin su buguwa a wuya, ƙarancin bitamin E, ƙwayar cutar hafis ta dawakai, da ciwon haukan kare, wanda saboda shi ne ya hana kowa sa hannu a bakin dukushin har sai an tabbatar. Akwai kuma wata da ake yawan ambata a intanet, EPM, amma ita tana yaɗuwa ne ta kashin wata dabba da ke nahiyar Amurka, don haka ba ita ce abin fara zargi ga dokin da aka haifa a nan ba. Hoton ƙashi ne ya nuna ƙuncin tsakanin gaɓa ta uku da ta huɗu. Cikakken tabbaci yana buƙatar a sumar da doki a zuba wani ruwa mai fitowa a hoto kewaye da lakar, amma ban yarda a yi ba, saboda tashi daga suma yana da haɗari ga dabbar da ƙafafunta ba su da tabbas.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne batun abinci. Saboda ina son ya cika ido da wuri, na riƙa ɗura masa gero da dusa safe da yamma, ban san cewa ƙashi mai saurin tsawo ba ya samun lokacin ginuwa daidai ba, kuma dusa tana da yawan sinadarin fosfaros da ƙarancin kalsiyam. Gado ma yana da hannu, amma abincin da hannuna na ba shi.

A ƙasashen waje ana yin tiyatar haɗe gaɓoɓin biyu da wani ɗan kwandon ƙarfe, dabarar da George Bagby da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Jami'ar Jihar Washington a ƙarshen shekarun 1970, har aka yi wa shahararren dokin tsere Seattle Slew ita a shekarar 2000. Mu kuwa hanyar da ta rage mana ita ce rage masa saurin girma, wadda ta fi amfani ga dukushin da bai cika shekara ba. Aka janye hatsi, aka bar shi da ciyawa da harawa a bisa awo, aka ƙara masa sinadaran gina ƙashi da bitamin E, aka ba shi maganin kumburi na 'yan kwanaki, sannan aka tsare shi a ɗaki mai yashi inda ba zai yi tsalle ko ya zame ba.

Yau wata bakwai ke nan. Ya rame, abin da yake sa baƙi tambayata ko ba ya samun abinci, amma kofatonsa ya daina kartar ƙasa, kuma a awon da aka yi masa makon jiya ya sauko mataki na 2. Na riga na gaya wa yaran gida cewa babu mai ɗora masa sirdi, kuma ba za a kai shi ga goɗiya ba. Likita zai dawo bayan wata uku a sake ɗaukar hoton wuyan.