Dogon lens ɗin nan mai arha na 420-800mm, ga yadda muka ƙare da shi

Tun ranar da na ɗauki hoton wata a sama na saka a Facebook mutane ke ta bina inbos, wai wane lens ne, nawa na saya, a ina ake samu. Har da wani bawan Allah da yace wai sauko da shi nayi daga intanet na liƙa sunana. To bari dai in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta, don amsar ba ta layi biyu bace.

Ni sana'ata hoton biki ce, kamu da dina da suna, da wata tsohuwar Canon 600D da na saya ta hannu, lens ɗin da nake cin abinci da shi kuma 50mm ne sai ɗan 18-55 ɗin da yazo tare da ita. Amma na daɗe ina kwaɗayin hoton abu mai nisa, tsuntsaye musamman, kuma duk wanda ya taɓa leƙa farashin dogon lens na gaske yasan zancen. Sigma 150-600mm ɗin da ake cewa shine na talaka ma yana wajen dala 1,000, sai ka buga lissafi da canjin yau ka gani ko talakan wace ƙasa ake nufi. Ana haka naci karo da wannan 420-800mm f/8.3-16, ƙasa da dala 100, ana sayar da shi da sunaye kala-kala, wani Opteka wani Lightdow wani Jintu, amma in ka jera su kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Nace ko ya ƙi aiki ai na ajiye shi a shago yana burge kwastoma. Nayi oda.

Da yazo na buɗe kwali sai na gane abin da na saya. Bututun ƙarfe ne da gilasai a ciki, shikenan. Babu wayar lantarki, babu injin fokas, babu abin da zai yi magana da kyamara. Da wani zobe mai zare ake ɗaura shi, adaftar T2, kowace kyamara da irin nata, don haka in zaka saya ka tabbatar na kyamararka aka saka maka. Kana ɗaurawa Canon zata nuna maka F00, wato ita a wajenta babu lens ma a jikinta. Fokas da hannu zaka murɗa. Zumin kuma ba murɗawa ake ba, sassauta wani zobe zakayi ka zaro bututun kamar eriyar rediyon da, sannan ka sake ɗaurewa, in ka manta baka ɗaure ba ka ɗaga shi sama sai ya zame ya koma da kansa. Masu ƙananan Nikon irin su D3200 da D5300 ku naku yafi wahala, don kyamarar bata auna haske da irin wannan lens ɗin sam, a M kaɗai, wato inda kai ke saita komai da hannu, zata yarda ta ɗauka, sai dai ka ɗauka ka duba ka gyara. Mu ƴan Canon tana ɗan aunawa.

Akwai lissafin da sai daga baya nayi, da nayi shi tun farko da na rage wa kaina zato. Raba 420 da 8.3, zaka samu kusan 50. Raba 800 da 16, 50 ne cif. Ma'ana ƙofar da haske ke shiga faɗinta milimita 50 ne ko ka zaro ko baka zaro ba, kuma babu zoben da zaka buɗe ko ka tsuke ta. Kana zarowa zuwa 800 hoton yana girma amma hasken yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A f/16, tsakar rana tsaka, in kana son saurin shota 1/1000 na sakan sai ka kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, wajen 1000. Rana tsaka fa nace. Abin naka na shiga inuwar bishiya sai ka ninka sau huɗu ko fiye, ita kuma 600D tana wuce 1600 hoto ke fara yin tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero.

Ranar farko ɗoki ya ɗebe ni na hau Dutsen Dala wajen ƙarfe sha biyu, a hannu, babu ƙafar ɗora kyamara babu komai, wai zan ɗauko Goron Dutse da hasumiyoyin cikin gari. Wallahi ko gano abin da nake nema a cikin kyamarar ya gagara. Sensar 600D, wato farantin da ke kama hoto a cikinta, ƙarama ce, ana ninka tsayin lens da 1.6, kaga 800 ya zama kamar 1280mm kenan, abin da kake gani faɗinsa bai kai digiri 2 ba, kamar mai leƙe ta cikin tsinken shan lemo, numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da gini guda daga hoto. Na sauko da hoto sama da ɗari babu na nunawa ko ɗaya.

Nace to rawar hannu ce. Na ari ƙafar kyamara mai nauyi wajen ogan da ya koya min aiki, na koma, na ɗaura, na saita, hotunan suka fito dai dishi-dishi, layin gini a lanƙwashe kamar ana kallonsa a cikin ruwa. Na dawo shago ina ta zagin lens ɗin. Oga ya karɓi kyamarar ya duba guda uku yayi dariya yace, "Kai yaro, ƙarfe nawa ka ɗauki wannan?" Nace, "Oga wajen azahar ne." Yace, "To ai ba lens ɗinka ka ɗauka ba, iskar Kano ka ɗauka. Ko na miliyan goma ka kawo a wannan lokacin haka zai baka."

Nan ne kan maganar gaba ɗaya, kuma shine abin da masu tambayata a inbos basa son ji. Dogon lens baya kawar da abin da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka, girmama shi yake tare da hoton. Kwanon rufi da kwalta sun ɗau zafi, iska mai zafi tana tashi tana cakuɗa da mai sanyi, haske yana karkacewa a hanya, irin kawalwainiyar nan da kake gani a titi in kana tafiyar rana, to ita ce kake zumin a kanta kilomita biyu ko uku. In hunturu ne kuma ga hazo, komai ya koma fari-fari babu kala. Shi ya sa wata, wanda ke nesa da mu wajen kilomita 384,000, yafi fitowa tas akan hasumiyar da ke unguwa ta uku daga inda kake. In wata ya ɗaga sama, kai tsaye kake ratsa iskar ka fita, amma hasumiya a kwance kake bin iskar ƙasa mai ƙura da zafi tun daga bakin lens har can.

Don haka wata shine abincin wannan lens ɗin, kuma ga yadda nake yi. Ƙafar a jikin zoben lens ɗin ake ɗaura ta, ba a gindin kyamara ba, in ba haka ba nauyin zai rinjaya gaba har ya iya lalata bakin kyamarar. Ina rataya jarkar ruwa a tsakiyar ƙafar don ta zauna daram. Sai in kunna sikirin, in danna girmamawa zuwa 10, in fara murɗa fokas a hankali. Kar ka yarda da alamar ƙarshe da aka zana a jiki, nawa yana wuce ta, in ka murɗa har ƙurewa ka wuce wata ka tafi inda babu komai. Kuma kana taɓa zoben hoton zai kama rawa, dole ka murɗa kaɗan, ka saki, ka jira ya lafa, ka duba, ka sake, haka haka har bakin ramukan ya fito da kaifi. Sannan taima ta sakan 10, ba ta sakan 2 ba, don bututun nan yana daɗewa yana kaɗawa bayan ka cire hannu. Wata yana da haske fiye da yadda mutane ke zato, ai hasken rana ne ke dukansa, ni ina farawa daga ISO 400 da 1/250 in gyara daga nan. Kar ka bar kyamara ta zaɓa maka, duhun sama zai ruɗe ta ta mayar maka da wata farin faranti.

A 800mm watan yana cin kusan rabin tsayin hoton, kuma baya tsayawa jiranka, duk minti 2 yana matsawa da kimanin faɗin kansa, kana can kana fama da fokas zaka ɗago ka ga ya kai gefe. Wani abin kuma, kowa daren sha huɗu yake so ya ɗauka saboda farin wata, alhali shine mafi rashin armashi a hoto, haske ya dake shi gaba da gaba babu inuwa. Gwada daren bakwai ko takwas ga wata, lokacin yana rabi, ka duba layin da haske ya haɗu da duhu, nan ramuka da duwatsu ke fitowa kamar ka sa hannu ka taɓa. Wanda na saka a Facebook na daren tara ne, kuma cikin guda talatin da wani abu na zaɓo shi.

Inda ya kunyata ni kuwa hawan Daushe ne. Na ɗauka zan tsaya can nesa in ɗauko fuskokin mahaya ba tare da shiga turmutsutsu ba. A 800mm, in doki yana nesa da kai mita 30, wajen da ke cikin fokas bai kai mita ɗaya ba, doki a sukuwa kuma kafin ka ƙifta ido ya wuce wannan, ga la'asar tayi haske ya fara ja baya, ga ƙura. Dabarar da ta ɗan cece ni ita ce in koma 420, in saita fokas a wani wuri a ƙasa in jira su shigo wajen in danna a jere. Na samu guda biyu. Yaron da ke gefena da lens 55-250 mai fokas da kansa ya cika memori da hotuna masu kyau. Abin da ke gudu ba na wannan lens ɗin bane, ƙwallo ko kilisa ko shirwa a sama, kar ma ka wahalar da kanka.

Tsuntsun da ke zaune dai ana samu. Shamuwa a kan sheƙarta farkon damina, zalɓe da ya ƙame a bakin ruwa yana jiran kifi, waɗannan zasu baka lokacin murɗawa. Safiyar da ta biyo ruwan dare ita ce lokacin, iska a wanke, ƙasa bata ɗau zafi ba. Kuma na lura nawa yafi kaifi tsakanin 420 da 600, don haka gara in lallaɓa in matsa kusa in ɗauka a 500 in yanke hoton a kwamfuta, akan in tsaya nesa in zaro shi duka. Balbela kam sai haƙuri, duk farin abu a cikin rana sai ya yi masa wani shuɗi-shuɗi ja-ja a gefe, ana rage shi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom amma baya fita duka.

Sai a kula da inda ake nuna shi. In ka zaro shi duka ka ɗora a kan ƙafa, daga nesa ba kama da kyamara yake ba, kuma kowa yasan halin da ake ciki. Ni bana fito da shi kusa da shingen jami'an tsaro, bana juya shi wajen gidajen mutane, in naje ƙauye kuma sai na fara gaida manya na nuna musu abin da ke ciki. Rana kuma ko da wasa kar ka nuna mata shi, gilashin tara haske yake, zai ƙona ido ya ƙona sensa.

Farkon watan Maris na 2025, kwanakin farko na azumi, bayan an sha ruwa na fito da shi ƙofar gida zan ɗauki jinjirin wata, sai ga Zara tana ta ƙyalli a yamma, nace bari in gwada ta. Na rage haske sosai, na girmama zuwa 10, na murɗa, sai ɗigon nan ya tsuke ya zama ɗan lauje. Ashe ita ma jinjiri take yi kamar mijin nata, saboda tana zagaya rana kuma ta fi mu kusa da ita, in ta matso tsakaninmu da rana gefenta kaɗai muke gani da haske. Ƙanƙanuwa ce a hoton, ba abin bugawa a rataye ba. Wani dattijo maƙwabcinmu yana dawowa daga masallaci ya tsaya yace, "Ɗan nan me kake harbi ne haka?" Nace, "Baba zo ka gani, Zara ce." Ya sunkuya ya daɗe yana kallon sikirin, ya ɗago ya kalli sama, ya sake sunkuyawa, sannan yace in dai ba wasa nake masa ba to in bar abin a haka kar in taɓa, bari ya kira jikokinsa.