Hannu ya yi baƙi, gwaninta da saura

A karofin garinmu Kura na koyi rini, wajen kawuna. Aikin yaro a can sananne ne: ka ɗebo ruwa, ka kawo toka da katsi, wato ƙonannen dagwalon tsohon rini, ka zuba baba, ganyen da ke ba da shuɗi, sannan ka yi ta juya rijiya da muciya har kafaɗa ta sage. Ban jima ba na san adadin abin da ake zubawa, na kuma daina mamakin yadda zane ke fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi a gabanka.

Baƙin da ke zuwa sayen rawani, har da Buzayen Agadas, sukan ce yaron nan ya iya. Kawu ba ya musu. Amma ran da wani ya ce mini gwani, sai kawu ya ce, “A'a Alhaji, ya dai fara ƙwarewa.”

Abin da yake nufi a bakin rijiya na gan shi. Ni sai na tsoma ƙyalle na gwada kafin in san ko baba ya nuna. Shi kuwa ya leƙa, ya dubi kumfar da ta taso, ya shaƙi warin, ya ce a ƙara toka ko a bar ta ta kwana. Ka tambaye shi dalili, ya ce, “Kai ba ka gani ba?” Ba rowar sani ba ce, abin ne ba ya faɗuwa da baki. Har mabuga sukan gane rininsa a cikin tarin kaya tun kafin su ɗaga sanda.

Don haka ba a yi wa mutum araha da sunan gwani. A tsangaya ma haka ne: yaro ya fara daga kolo, ya yi titibiri, ya yi gardi, ya zama alaramma, amma gwani sai wanda ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, malamai kuma suka shaida. Ba kai ke kiran kanka ba. Wanda ya yi gaggawa kuwa, da wannan kalmar za a tsokane shi: “garin gwaninta ya ɓata rijiya.”

Yanzu rinin kanti ya cinye kasuwa, rijiyoyi da yawa a Kura da Ƙofar Mata sun cike da ƙasa. Ni har yau ina rini, kuma har yau da ƙyalle nake gwadawa.