Golf ɗina, sabon kamshaf da gosulon Legas

Asabar, Agege.

Yau na bar wa yara shago. Akwai suna a gidan Kawu a unguwar Sabo ta Shagamu, kuma dama ina neman ranar da zan zauna in yi wa motar nan lissafi na gaskiya. Tun da aka sa mata sabon kamshaf, wato ƙarfen da ke buɗe wa injin ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, allurar mai take saurin faɗuwa. Uwargida ma, da ba ruwanta da injin, ta lura, don kuɗin man da nake warewa ranar Litinin ya daina kai mu ƙarshen mako.

Bayan asuba na biya gidan man da na saba, a famfon da na saba, na ce wa yarinyar ta zuba har bindigar ta tsaya da kanta, kada ta ƙara ko ɗigo. Haka na yi a cikawar baya, na kuma mayar da ƙaramin maleji sifiri. Wannan hanyar kaɗai na yarda da ita. Allurar motata ba abar dogaro ba ce, takan daɗe a sama shiru, da ta wuce rabi sai ta gangaro a guje. Na raba kilomitan da na ci da litar da ta shiga: bakwai da ɗan ɗoriya. Kafin aikin, a wannan hanyar dai ta Agege zuwa Idumota, wajen kilomita 9 nake samu a lita guda.

A takarda bambancin ƙanƙane ne. Amma zuwa da dawowa kusan kilomita 60 ne, ke nan kullum an ƙara mini kusan lita 2. A tara na wata, ya kusa cika tankin Golf 3 mai cin lita 55. Da a ce zamanin da ake sayar da lita ƙasa da naira 200 ne, ko biro ba zan ɗauka ba. To ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kafin mako ya zagayo lita ta koma naira 488 a nan Legas, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. Ta ɗan sauko a 2025, lokacin da fetur ɗin matatar Dangote ta Lekki ya shiga kasuwa sosai, amma ba saukowar da mutum zai yi ta zubar da tanki guda a wata yana dariya ba.

Daga nan na wuce gareji. Baba makanike mutumin Kaduna ne, a Panteka ya koyi aiki, ya fi shekarun haihuwar yaransa na gareji a Legas. Na same shi da kofin shayi a kan benci. Ban ma kashe motar ba ya ɗaga hannu, wai in bar ta. Ya karkata kai yana saurare. Silon nata, wato juyin injin idan tana tsaye a kunne, yanzu ba santsi gare shi ba, gudu-gudum, gudu-gudum yake yi, sitiyari na ɗan rawa a hannu. Wannan ƙarar ce samarin layinmu ke fitowa kallo, ni ma ba zan ɓoye ba, tana mini daɗi.

“Alhaji, ka ji ta ko? Kuɗinka ne ke fita ta salansa,” in ji shi.

Ya sa yaro ya kwance fulogi guda. Bakinsa baƙi ƙirin, busasshen baƙi mai gari, ba na baƙin mai mai danƙo ba. Baba ya goga a babban yatsa ya nuna mini. Ya ce wannan shaidar fetur ya yi yawa ne, injin lafiyarsa lau, ba ya shan baƙin mai. Sai ya shiga ciki ya ɗauko tsohon kamshaf ɗin da ya naɗe mini a tsumma, ya ɗora a kan bonet.

Ƙarfe ne dogo, da doro takwas a jikinsa, kowane bawul da nasa, tunda injin nan na lita 2 bawul takwas gare shi, biyu a kowace silinda: ɗaya na shigar iska da mai, ɗaya na fitar hayaƙi. Bel ɗin taimin ke juya shi, sau ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf, babban ƙarfen da fistin ke juyawa. Doron ne ke danna bawul ya buɗe, idan ya wuce sifirin ya rufe shi. Baba ya bi kan doron tsohon da yatsa. Siriri ne, ya danna ya saki nan da nan. Na sabon da ke cikin injin ya fi tsayi, kansa kuma faffaɗa ne, shi ya sa aka rubuta masa digiri 270 a kwali. Yana buɗe bawul sosai, ya kuma daɗe bai bari ya rufe ba.

Abin da na fahimta a yau, wanda ya fi lissafin safiya amfani a wurina, shi ne wannan daɗewar riba ce a wani wuri, asara ce a wani. Idan injin na juyi dubu huɗu, dubu biyar a minti, iskar da ke shiga tana da ƙarfin gudu, ko fistin ya fara tasowa takan ci gaba da cusa kanta. Bawul ɗin da ya jinkirta rufewa sai ya ba ta dama, silinda ta cika fam, ƙarfi ya ƙaru. Amma a juyi dubu ɗaya iskar ba ta da wannan gudun. Fistin na tasowa, bawul bai rufe ba, sai ya turo wani kaso ya koma inda ya fito. Abin da ya rage ba ya matsuwa yadda ya kamata, motar ta rasa ƙarfin tashi, kai kuma ka ƙara taka totur kana wasa da kuloci.

Akwai kuma ɗan lokacin da bawul biyun ke buɗe tare, na hayaƙi bai gama rufewa ba, na shiga ya fara buɗewa. Kusan a kowane injin akwai shi, amma sabon kamshaf ya tsawaita shi. A silo, hayaƙi kan dawo ya gurɓata sabon haɗin, wani ɗanyen man kuma ya bi ta salansa bai ƙone ba. Daga nan gudu-gudum ɗin ke zuwa. Na'urar da ke sansanar hayaƙi sai ta ji iskar da ba ta ƙone ba, ta gaya wa kwamfutar motar mai ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara sakin nozul. Ita dai abin da aka koya mata a kamfani take bi, kaso 14.7 na iska ga kaso 1 na fetur, da lissafin tsohon kamshaf. Ba wanda ya sanar da ita an yi sauyi. Ga shi kuma sai da Baba ya ɗaga silon daga wajen 800 zuwa kusan 1,000 don kada ta riƙa mutuwa idan na kunna esi.

To a ina nake rayuwa? Daga Ikeja Along zuwa Oshodi, giya ɗaya ce da biyu, sai tsayuwa bayan danfo. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, tun 1990 aka gama ta, kuma a nan ne kaɗai motar za ta iya miƙe ƙafa, amma da safiyar Litinin sai ka yi rabinta kana kallon masu kamun kifin Makoko ta taga.

“Dokin sukuwa ka saya, Alhaji, ka ɗaure shi a turke yana cin harawa,” in ji Baba. “Ba laifin dokin ba ne.”

Na tambaye shi birki, don na lura a gosulo idan na taka a jere yakan ɗan yi tauri. Ya ce duk tafiyar ɗaya ce. Abin da ke taimakon birki da zuƙar injin yake aiki, zuƙar kuwa ta ragu a silo tunda bawul ba sa rufewa da wuri. Ya ce bai kai na tsoro ba, amma in daina manne wa motar gaba.

Nan hira ta ɗan karkata. Wani mai Honda da ya zo canjin mai ya tsoma baki, yana cewa su tun 1989 aka raba musu gardama da VTEC, doro iri biyu a ƙarfe ɗaya, ƙarami na yawon gari, babba na shiga idan juyi ya hau. Gaskiyarsa ce, Toyota ma da VVT-i ɗinsu suna matsar da lokacin buɗe bawul gwargwadon gudu. Mu masu tsohon ƙarfen Jamus doro ɗaya gare mu, sai dai mutum ya zaɓi inda yake son ƙarfinsa ya zauna. Na ce masa duk da haka ya zo mu haɗu a hanyar Ibadan. Aka yi dariya.

Shawarar Baba biyu ce. A samo gilar kamshaf mai saiti, wato faifan da bel ɗin taimin ke ja, a matso da shi gaba da ɗan digiri uku ko huɗu, bawul ɗin shiga ya riƙa rufewa da wuri kaɗan, ƙarfin ƙasa ya ɗan dawo, ko da za a rage na sama. Na biyu, a nemi wanda zai sauya wa kwamfutar lissafi ta dace da sabon ƙarfen. Ya ce zai sa a duba gilar a kasuwar kayan mota ta Ladipo, in babu sai an yi oda. Bai yi mini alkawarin komawa kilomita 9 a lita ba, kuma na ji daɗin da bai yi ba.

Wajen sha ɗaya muka kama hanya, ni da uwargida da yara. Ogba, Berger, sai doguwar gada. Kara cike da shanu da tireloli kamar kullum, amma hanya ta buɗe. Da muka wuce Mowe na sa giya biyar, na tsaya a 100, iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta yanka wa ƙananan motoci a babbar hanya. Rawar sitiyari ta ɓace, injin ya daidaita, ƙafata da ƙyar take taɓa totur. Sau ɗaya na sauko giya uku don in wuce wata tirela, allurar juyi ta haura dubu huɗu, motar ta yunƙura yadda ba ta taɓa yi ba a da. Ƙaramin ya yi ihu a baya, wai Abba a sake. Uwarsa ta harare ni, ban sake ba.

Suna ya yi albarka. Sabo na nan yadda na san shi, huhunan goro jibge a rumfuna, tsofaffin da kakanninsu suka zo fataucinsa suna Hausa da Yarabanci a jimla guda. Kawu ya rako mu bakin mota da ƙullin goro, ya ji silon, ya ce, “Ɗana, motar nan taka tari take yi, ka kai ta a duba.” Na ce to Kawu, za a kai. Bayanin bawul ba na bakin ƙofa ba ne.

Mun dawo kafin magariba, mun ɗan tsaya a Berger amma ba sosai ba. Na sauke su a gida na koma famfon safe. Lita 10 ta ɗauka, maleji kuma ya nuna wajen kilomita 120, har da zaman silon da ta yi a gareji. Sha biyu ke nan. Gajeriyar tafiya ba ta ba da lissafi mai kyau, rabin lita ma kan karkatar da shi, amma a tafiyar Kano da tsohon kamshaf wajen sha uku nake samu. A buɗaɗɗiyar hanya ke nan kusan babu abin da na rasa, na ma sami ƙarfin wuce tirela ba tare da addu'a ta ƙare mini ba. Duk asarar tana tsakanin Ikeja da Idumota.

Da dare uwargida ta ce, “Maigida, ba sai a mayar da tsohon ba a huta?” Na ce tukuna. Disamba na tafe, akwai hanyar gida, kuma a can ne kuɗin da na kashe zai yi magana. Tsohon yana wurin Baba, na ce a shafa masa baƙin mai a naɗe, kada ya yi tsatsa. Idan an sa gilar, an gyara kwamfutar, lissafin gari bai kai takwas ba, to sai a sake zama.

Kafin nan, Litinin zan bar ta a gida. Jirgin ƙasan Red Line na tsayawa a tashar Agege, ya bi Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba har Oyingbo, daga can sai in hau bas zuwa kasuwa. Katin Cowry ɗina na wurin babban yarona, sai na tuna in karɓa gobe in zuba masa kuɗi. Baba kuma ya ce in kira shi Laraba da yamma, lokacin yaronsa ya dawo daga Ladipo.